Man Ƙafar Babur: Kwana Uku a Dawaki ta Ƙasar Rano

Ɗaurin auren ƙanwar wani abokin karatuna ne ya kai ni Dawaki, wadda ke ƙasar Rano, ba Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa da mu mutanen yamma muka fi jin sunansu ba. Daga Sakkwato na taso, na kwana a Kano, da hantsi na shiga motar Rano muka bi ta Bunkure. Kaka ta yi. An girbe gero an ɗaure, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta, mata da yara suna kalar gyaɗa a bayan masu cira. Da muka doshi Rano sai duwatsu suka fara bayyana, manya-manya, wasu a kan wasu kamar da hannu aka ɗora su.

Rano tsohuwar ƙasa ce. Tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma a tsohon rabon ayyuka na 'ya'yan Bawo ita da Kano ne sarakunan baba, wato masu rini. Na taho da niyyar in zauna da dattawa in ji labarin karofi da marina. Sai ga shi mafi yawan lokacin da na samu bayan biki a gindin wata darbejiya na ƙarar da shi, ina kallon yadda ake zuba wa babur mai a ƙafa.

Sai mutum ya bar birni yake sanin matsayin babur. A cikin Kano, tun watan Janairun 2013 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, a-daidaita-sahu ce ta cika titi. A nan kuwa abin da muke kira kabu-kabu, su suke cewa acaɓa, shi ne jakin kowa. Shi ke kai taki gona ya dawo da masara. Shi ke ɗauko kwandon tumatir daga filayen noman rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa tun da aka gama ta a 1974, zamanin Audu Bako. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, wata 'yar'uwarta a baya tana tallafe da ita. Boxer na kamfanin Bajaj da TVS daga Indiya, Haojue da Jincheng daga ƙasar Sin, su ne ke ta kai-komo, ƙananan injina masu sisi 100 zuwa 125 da aka ƙera don mutum biyu, amma suna ɗaukar abin da a da sai an ɗaure jaki biyu.

Washegarin ɗaurin aure abokina ya ce in je in gaida kawunsa a wani ƙauye da ke ɓangaren Kibiya, ya haɗa ni da ɗan yayansa, saurayi mai natsuwa da ke haya da babur. Muna kan kwalta ban ji komai ba. Da muka sauka burji, inda damina ta zaizaye hanya ta bar ta kamar kunyoyin gona da aka ratsa a gicciye, sai gaban babur ya fara magana. Kowane rami sai ka ji ƙwas, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sannan kan ya yi ta lilo sau biyu sau uku kafin ya natsu. A gangaren wani kwalbati ya kama birkin hannu, gaban ya nutse gaba ɗaya, na zame na daki bayansa. Can gaba kuma, a wata kwana mai ɗan yashi, tayar gaba ta sulɓe gefe, ya kai ƙafa ƙasa da sauri. Allah Ya kiyaye, ba mu faɗi ba.

Na ce ya tsaya. Da na sauka na duba, sai na ga wani tsumma ɗaure a ƙafar babur ta dama, ya yi baƙi ƙirin da mai da ƙura.

"Samari, wannan tsumman fa?"

"Baffa, shakazoba ce take ɗan yoyo. Na ɗaure don kada mai ya ɓata wa fasinja kaya."

Yoyon bai dame shi ba. Abin da ke cin ransa taya ce. Ya ce wannan ita ce ta biyu da ya sa a gaba cikin shekarar, ga ta har ta fara cinyewa, kuma shi a ganinsa tayoyin yanzu duk jabu ne. Na ji irin wannan kukan a bakin 'yan kabu-kabu a garinmu ba sau ɗaya ba, ban taɓa tsayawa na bi diddiginsa ba sai ran nan, don kuwa raina ne ya kusa zama kuɗin awon.

Da muka dawo na roƙe shi mu tsaya wurin bakanike, ni zan biya. Ya kai ni wurin wani dattijo da ya ba hamsin baya, yana aiki a inuwar darbejiya da yara biyu, mai faci yana gefensa. Bayan mun gaisa, dattijon bai taɓa sifana ba. Durƙusawa ya yi ya ɗora tafin hannu a kan tayar gaba yana shafawa. Sunan garin ya sa na tuna da dillalan dawaki da na sani ina yaro: mai sayen doki ba ya fara duban sirdi da jalala, ƙafafun gaba yake kamawa ya ɗaga kofato.

"Malam, kawo hannunka. Shafa nan. To, yanzu dawo da shi baya."

Ta ɗaya wajen sumul nake ji. Da na juyo da hannun sai zanen tayar ya riƙa kama mini fata kamar haƙoran zarto, tudu da kwari, tudu da kwari, har ta zagayo.

"Wannan ba cin hanya ba ne," in ji shi, "cin tsalle ne. Tayar da ke kwance a ƙasa ba ta yin haka."

Ya sa yaro ya ɗaga gaban babur a kan wani kututture, suka cire wili, suka kwance ƙafafun biyu. Da ya tuntsurar da ta hagu a cikin gwangwani, abin da ya fito ruwan toka ne mai wari, da ɗan ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Ta dama kuwa, mai tsumman, 'yan ɗigo ne suka sauko. Ya tambayi saurayin yaushe rabon da a canza man. Saurayin ya ce shi juyen baƙin mai bai taɓa wuce masa lokaci ba, amma bai san ƙafa ma ana yi mata juye ba. Da ta fara yoyo ne wani ya buɗe ta sama ya ƙara mata daga man da aka juye a inji. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya ce akasarin masu babur haka suke, ba wanda ya taɓa faɗa musu, kuma akasarin masu gyara ma da ido suke zubawa.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, saboda haka abin da ke cikin ƙafar ba baƙo ba ne gare ni a takarda, amma ran nan na fara riƙe shi da hannu. Bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na sama siriri ne mai ƙyalli, an ɗaure shi a wuyan babur. Na ƙasa shi ne mai kauri, shi ke riƙe da ƙarfen da ya ratsa tsakiyar wili. A ciki akwai sifirin, akwai kuma wata 'yar sanda mai ƙananan ƙofofi a jikinta. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, sai dai ba shi da haƙuri: in ka danne shi ka saki, zai yi ta tsalle har ƙarfinsa ya ƙare. Mai shi ne linzaminsa. Duk sanda ƙafar ta nutse ko ta miƙe, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙananan ƙofofi, kuma wahalar kutsawar ce ke shanye ƙarfin bugun ta mayar da shi zafi. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara fitar da babur na kasuwa mai irin wannan ƙafa da mai ke sarrafawa, samfurin R12, a 1935, kuma har yau ƙananan baburanmu kan wannan dabara suke.

In man ya ƙare, linzami ya tsinke. Taya ta daki tudu, ta tashi, ta dawo ta daki ƙasa, ta sake tashi. A wannan ɗan tsakanin ba ta riƙe da ƙasa sosai, kuma duk saukar da ta yi sai ta goge roba a wuri ɗaya. Haka haƙoran zarton nan ke fitowa. Wanda ya fi wannan muni shi ne tayar da ba ta danne ƙasa ba birki ba ya aiki a kanta, kwana ma ba ta riƙewa. Abin da ya same mu a kan yashin nan ke nan. In kuma man da ke yoyo ya gangara ya sami hanyar shiga cikin birki, an haɗa biyu.

Da suka wanke kayan ciki da kananzir suka shanya, na tambayi abin da ya fi damuna: wane mai ake zubawa? Ya ce ya ga kowane iri. Akwai masu zuba sabon baƙin mai, akwai masu zuba tsohon da aka juye, ya taɓa buɗe wata ya tarar da man birki. Tsohon baƙin mai cike yake da datti da garin ƙarfe, shi ke cin robar sil, wadda ke tare mai a bakin bututu, daga ciki har yoyo ya fara. Man birki kuwa ba gidansa ba ne. Yana shan danshi, yana ɓata fenti, kuma ba don shi aka yi robar ba.

Sabon baƙin mai shi ne ya fi yaudara, domin in aka zuba shi sai mai babur ya danna kan ya ji tauri, ya tafi yana murna an ba shi ƙarfi. Masu ƙera mai suna auna kaurinsa da wani ma'auni da ake kira santistok, a zafin digiri 40. A wannan zafin ruwa bai kai 1 ba. Man shakazoba mai lamba 10, wanda ya dace da galibin ƙananan babura, yakan faɗa tsakanin 30 da 45. Baƙin mai 20W-50 da ake zuba wa inji yakan kai 150 ko ya wuce. Ninki uku ke nan zuwa biyar. Mai irin wannan kaurin ba ya iya wucewa ta ƙofofin da sauri, sai ƙafar ta ƙi nutsewa in an daki rami, bugun ya taho kai tsaye zuwa wuyan hannu da kafaɗa. In ta nutse kuma ba ta dawowa da wuri, a kan gargada kafin ta miƙe daga wannan tudun ta daki na gaba, sai ta yi ta shigewa har ta ƙare. Da asubahin hunturu abin ya fi tsanani, don sanyi yana ƙara masa kauri. Tayar da ke ƙarƙashin irin wannan ƙafa ita ma tsalle take yi, kamar wadda ba ta da mai.

Dattijon ya ce masu dakon buhuna su suka fi matsa masa a sa musu mai kauri, wai don gaban ya daina zama. Yakan gaya musu mai ba ya ɗaukar kaya. In gaban babur ya zauna tun kafin a hau, sifirin ne ya gaji. A cire shi a gwada tsawonsa da sabo, in ya gajarce a canza. Wasu masu gyaran kuma suna sa mai kauri ne don yoyo ya ragu har mai babur ya bar wurin. Wannan ha'inci ne ko da mai yinsa bai ɗauke shi haka ba, don maganin yoyo sabon sil ne, tare da duba bututun mai ƙyalli ko tsatsa ta huda shi tana yanka robar.

Akwai wani abu da na ƙara masa daga karatuna, ya kuma ce ya lura da shi a aikace. Lambar da ake rubutawa a kwalbar man shakazoba, 5 ko 10 ko 15, ba ta da tsayayyen ma'auni tsakanin kamfanoni. Abin da wannan ya kira 10 yana iya kusantar abin da wancan ya kira 15. Don haka wanda ya sami irin da ya yi masa daidai ya tsaya a kansa, wanda kuma ya iya karatu ya nemi adadin santistok in an rubuta. Shi dattijon in ya aika Kano, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, aka samo masa ainihin man shakazoba, shi yake sawa. In babu, sai ya koma ga jan man nan na giyar motoci masu canza giya da kansu, wanda ake kira ATF. Ba kame-kame ba ne: tsohon nau'in wannan mai kaurinsa yana wajen 35, ba ya saurin kumfa, kuma tsofaffin littattafan gyara na Honda shi suka ce a zuba a ƙafafun babura da dama. Shi ya zuba mana.

Awon shi ne abin da ya tsayar da ni a wurin har la'asar. Ya shiga rumfarsa ya fito da abu uku: kwalbar shayar da jarirai mai layukan mililita a jiki, babban sirinji da aka maƙala wa robar ƙarin ruwa, da wani kwali da ya sha hannu. An ɗaure robar a jikin sifok don ta miƙe, da 'yar wayar da ake matsarwa sama ko ƙasa. A kwalin kuwa ya rubuta sunayen babura da ajami, kowane da lamba a gabansa. Na tambaye shi inda ya samo lambobin. Ya ce duk sanda wani ya kawo masa sabon babur na irin da bai sani ba, yakan roƙi izini ya buɗe ƙafa ɗaya tun man kamfani yana ciki, ya cire sifirin, ya danne ta, ya auna inda man ya tsaya, ya rubuta. Shekaru ya yi yana tara su.

Ga yadda ya yi. Ya sa sabon sil, ya haɗa ƙafar ba tare da sifirin ba, ya tsayar da ita cak. Ya auna mai a kwalbar jariran ya zuba a hankali. Ƙafar irin waɗannan ƙananan babura ba ta shan mililita 200, ko kofin shayi ba ta cikawa. Sannan ya riƙa jan bututun sama yana mayarwa, sau da yawa, har ƙarar kumfa ta ɗauke, ya jingine ta ya sha ruwa ya dawo. Daga nan ya danne bututun har ƙasa, ya daidaita wayar nan a tsawon da ke rubuce a kwali, ya zura robar har wayar ta zauna a bakin bututu, ya ja sirinji. Duk man da ya haura bakin robar sai ya biyo, da ya fara jan iska ya tsaya. Haka ya yi wa ta biyu ba tare da ya taɓa wayar ba.

Na ce, "Malam, tunda ka riga ka auna da kwalba, mene ne na sake awo?"

Ya ce kwalba tana gaya maka abin da ka zuba, ba ta gaya maka abin da ka tarar. In ba a kwance ƙafa gaba ɗaya an wanke ba, akwai ragowar tsohon mai da ke maƙalewa, sai ka zuba cikakken awo a kansa ya yi yawa. Tsawon da ke tsakanin bakin bututu da fuskar mai shi ne ba ya ƙarya.

Wannan tsawon, wato iskar da ke kulle a saman mai, ita ma sifirin ce ta biyu. Shekara da shekaru ina rubuta wa ɗalibai dokar Robert Boyle ta 1662 a allo, cewa in ka matse iska ta koma rabin wurinta, ƙarfin turinta ya ninka. Ga ta nan a ƙafar babur. In mai ya yi yawa, wurin iska ya ƙanƙance, ƙafar ta yi tauri tun ba ta je ko'ina ba, kuma matsin yana iya tura mai ta bakin sil. In ya yi kaɗan, ƙafar ta riƙa kaiwa ƙarshe tana ƙwas, ƙofofin ciki su riƙa jan iska maimakon mai. Na yi ɗan lissafi a bayan kwalin: a bututun da faɗin cikinsa ya kai santimita 2 da rabi, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, mililita 5, yana ɗaga fuskar mai da kusan santimita 1. Babban cokali yana ɗaga ta da 3. Wane ido ne zai gane cokali ɗaya a cikin bututu mai duhu? In kuma ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta, to ɗaya ce ke aiki ɗaya na bi, ƙarfen tsakiyar wili yana shan murɗa, kayan ciki suna cin gefe.

Abin ya tsaya mini a rai domin da safiyar ranar na ratsa kasuwa na ga wata mata ta ƙi karɓar kwanon dawa sai an ƙara ya yi tozo, mai awo ya ƙara bai yi musu ba. Mutanen nan sun san awo sarai. Manomin rani ya san buhun taki nawa kadadarsa ke ci, mai shayi ya san cokalin sukarinsa. Man da ke riƙe da tayar gaba a ƙasa ne kawai aka bar wa ido, kuma na yi imani dalilin shi ne ba a ganinsa. Inji in ya rasa mai yana kuka ya tsaya a hanya. Ƙafa in ta rasa mai tafiya take ci gaba da yi, taya ce ke biya a hankali.

Ba zan ɗora wa mai laifin komai ba, dattijon ma bai yi haka ba. Kafin ya mayar da wili sai da ya girgiza wuyan babur ya ji ko boris ya saki, ya juya wilin ya ga ko ya karkace, ya bi sifok ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana yana sauraren wanda ya yi sako-sako. Kowanne daga cikinsu yana cin taya. Sannan ya kira maƙwabcinsa mai faci ya ce ya kawo geji. Mai facin yana da shi, a cikin akwati yake, da babban yatsa ya saba gwadawa. Da aka sa, allura ta tsaya a 18. Galibin irin waɗannan babura abin da masu ƙera su ke so a gaba wajen 25 ne, a kuma auna tun taya ba ta yi zafi ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da ƙima, ta yi zafi, gefunanta su cinye, haƙoran zarton nan su yi saurin fitowa. Muna zaune wani ya zo ya ce a ƙara masa iska har ta yi tauri kamar dutse, don buhu zai ɗauka. Tasa tayar tsakiyarta ta goge fes, gefuna na nan da zanensu kamar sababbi.

Saurayin ya nuna mana cewa gefen hagu na tayarsa ya fi na dama cinyewa, yana zaton wannan ma alamar jabu ce. Kaɗan daga wannan ba abin tsoro ba ne. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, doron kwalta yana hagun mai babur, hanya tana gangarawa zuwa damansa, kuma kwanar hagu ta fi ta dama tsawo. Na nuna masa wasu abubuwa biyu a jikin tayar da bai taɓa lura da su ba. Akwai lamba huɗu a cikin ɗan zobe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2322 ke nufin mako na 23 a 2022. Akwai kuma 'yan ƙananan tuddai a cikin kwarin zanen, waɗanda in fuskar taya ta yi daidai da su ta gama aiki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo, sai dai gargaɗin ya fi zuwa kunnen direbobin manyan tituna.

Kukan saurayin game da taya yana da tushe. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Ikeja a 2008, mafi yawan tayoyin da ke kan hanyoyinmu daga waje suke zuwa, masu kyau da marasa kyau a rumfa ɗaya. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, komai na babur ya yi tsada, ɗan acaɓa kuma abin da ya zama dole yau shi yake saya, ya bar na gobe. Amma a wannan halin ne ya fi ciwo a ce mutum yana sayen taya biyu a shekara saboda man da bai kai kofi biyu ba da robar sil guda biyu. Kwalbar lita ɗaya tana isar babur biyu ko uku. Abin da ke hana ɗan acaɓa saya shi ne a ce ya sayi kwalbar duka. Da masu sayar da kayan babur a Rano da Kibiya za su riƙa auna shi a ƙananan kwalabe kamar yadda ake sayar da man gyaɗa, da ƙungiyoyin 'yan acaɓa za su sa duban ƙafa da geji cikin abin da suke gaya wa sabon shiga, da kowane bakanike zai ajiye sirinji irin na dattijon nan, da an rage tayar da ake asara, da kuma faɗuwar da ake cewa santsin yashi ne.

Rana ta uku saurayin ne ya zo ɗaukata zuwa tasha. Na ce mu fara bi ta hanyar jiya, ina so in ji. A gangaren kwalbatin nan ya kama birki, gaban ya sunkuya sau ɗaya ya ɗago, ban motsa daga inda nake zaune ba. A kan gargada ƙwas ɗin ya ɗauke. Tsohuwar tayar tana nan, tana ɗan gurnani a kan kwalta, don robar da ta riga ta tafi ba ta dawowa. Ya ce in ya sayar da gyaɗarsa zai sa sabuwa, kuma zai duba lamba huɗun nan kafin ya biya. A tasha, kafin ya karɓi sallamata, ya ciro wani tsumma mai tsabta daga aljihu ya durƙusa ya goge bututun nan biyu masu ƙyalli daga sama har bakin sil. Ya ce Baba bakanike ne ya ce ya riƙa yi kullum da safe, tunda hunturu na tafe da ƙurarsa. Ɗan kamasho yana ta kiran Kano, saura mutum ɗaya, na ɗauki jakata na shiga.